Lambun Cikin Gida a Lokacin Rani: Darasi Ga Mai Juna Biyu da Iyalinta



A watannin hunturu kayan lambu kan cika kasuwa, tumatir da kabeji da alayyafo duk su yi araha. Amma daga ƙarshen watan Maris, idan fadamu suka fara ƙafewa, sai ganye ya yi wuya, kuma haka za a yi ta fama har ruwan sama ya zauna a watan Yuni. A wannan tsakanin ne idan muka tambayi mace a ɗakin awo, "Jiya me kika ci?" amsar ba ta cika wuce koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da miyar kuka da dare ba. In muka ja fatar idonta ta ƙasa sai mu ga ta yi fari, tafin hannu ma haka. Wata ta ce tana haki ko da shara ta yi, wata ta ce zuciyarta na bugawa da sauri. Waɗannan duk alamu ne na ƙarancin jini.

Shi ya sa nake yawan ba mata shawarar su yi ɗan lambu a cikin gida, ko da a bayan ɗaki ne ko kusa da wurin wanke-wanke. Wadda ba ta fita ma tana iya yi. To amma na ga wadda lambun ya amfana, na kuma ga wadda ya jawo wa zazzaɓi da ciwon baya. Bambancinsu bai wuce abu biyu ba: irin ruwan da ake ba shukar, da kuma wanda yake ɗaukar ruwan.

Abin da ganye zai yi miki, da abin da ba zai yi ba

Idan mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da kusan rabi, domin ya wadaci mahaifa da abin da ke cikinta. Jiki ba ya iya haɗa wannan jinin sai da sinadarin ƙarfe, wanda muke kira ayon, da kuma folik asid. Idan awon himoglobin ɗinki ya gaza 11, wato PCV ya yi ƙasa da 33, to kina da ƙarancin jini. Haɗarinsa babba ne. Jinin da mace mai lafiya za ta zubar wajen haihuwa ta tashi garau, shi ne zai iya kayar da wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini. Yana kuma sa a haifi jariri ƙarami ko bakwaini.

Ganye mai duhun kore, irin su zogale, alayyafo, rama, lalo, ganyen wake da ganyen kabewa, yana ɗauke da folik asid na halitta, da ayon, da kalsiyam, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Yana kuma sassauta ciki, abin da mai shan ƙwayar ƙarin jini take buƙata ƙwarai, tun da ƙwayar kan sa bayan gida ya yi tauri.

Amma bari in faɗa miki gaskiya tun yanzu, don kada a je gida a ce ungozoma ta ce zogale ya isa. Bai isa ba. Ayon ɗin da ke cikin ganye kaɗan ne jiki ke iya tsotsa, ba kamar na nama da kifi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikirogiram 400 kowace rana har ta haihu. Wannan ita ce ƙwayar da muke ba ki ranar awo. Lambu mataimaki ne, bai maye gurbinta ba. In kin ga bayan gidanki ya yi baƙi, aikin ƙwayar ne, kada ki daina sha.

Akwai dabarar da ke ƙara wa jiki tsotsar ayon ɗin ganye. Ki haɗa shi da abu mai bitamin C, misali ki matsa lemon tsami a kan kwaɗon zogale ko ki yanka tumatir a ciki. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana hana tsotsa. Ki bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin shayi da abinci ko ƙwayar ƙarin jini.

Ki fara da kaɗan

Shekarar da na fara nawa lambun, na nome kusan rabin tsakar gida a watan Janairu, ina murna. Kafin ƙarshen Afrilu famfo ya ɗauke, kuɗin 'yan garuwa ya fi kuɗin ganyen da zan saya a kasuwa, komai ya ƙone ban da zogale biyu. Ban yi lissafin ruwa ba. A tsananin bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yakan sha lita 5 zuwa 8 kowace rana. Ke nan jarka ɗaya mai lita 25 fili mai girman tabarma biyu kawai za ta riƙe miki a rana. Ki fara duba ruwan da gidanku ke iya rarar da shi kullum, sannan ki yanke girman lambun a kansa. Fangali ɗaya da ya rayu har damina ya fi biyar da suka mutu a watan Afrilu.

Fangalin rani ba kamar kunyar damina ba ne. Da damina ana tada ƙasa don ruwa ya wuce, da rani kuwa ana sauke ta, a yi wa fangalin ɗan zurfi kamar tsawon yatsa, a kewaye shi da gefe, don ruwan da aka zuba ya tsaya a gindin shuka. Ki zaɓi wurin da rana ke samu da safe, katanga ko bishiya ta yi masa inuwa bayan azahar. In babu irin wannan wuri, a kafa 'yar rumfa da tsohuwar zana ko buhu wadda haske ke ratsawa. A kuma kare shi da darni, saboda busasshiyar iska, da kuma kaji da awaki, waɗanda a wannan lokaci ba sa ganin kore su ƙyale.

In gidan haya ne ko daɓen siminti, buhu ya isa. A samu tsohon buhun shinkafa, a cika shi da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda ƙasansa, a shuka a sama, a kuma yi ƙananan ƙofofi a jikinsa a dasa wasu. Tsohon bokiti ko baho da ya fashe duk suna yi. Ni na fi son wannan ga mai tsohon ciki, domin za a iya ɗora shi a kan bulo, ba sai ta sunkuya ba. Sai dai kada a yi shuka a cikin mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai.

Game da abin shukawa, zogale ne na farko. Da zarar ya kafu ba ya son ruwa da yawa, kuma in ana datse kansa idan ya kai ƙirjin mutum, sai ya yi rassa ya ba da ganye a inda hannu ke kaiwa. Sai alayyafo, wanda ba ya tsoron zafi in dai yana samun ruwa, kuma cikin mako huɗu zuwa biyar za a fara yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi kafin a yafa. In za ki ɗiba kada ki tuge, ki yanka sama ki bar gindin ya sake tohowa. Rama da yakuwa da ganyen wake suna jurewa. Kuɓewa tana son zafi, takan fara 'ya'ya wajen wata biyu. Tumatir kuwa kada ki wahalar da kanki da shi a bazara. In zafi ya wuce digiri 35 furensa zubewa yake yi, ki yi ta ban ruwa ba ɗa ko ɗaya. Shi da latas da kabeji da karas na lokacin sanyi ne, a shuka su a watan Oktoba ko Nuwamba.

Wane ruwa?

Nan ne nake so ki fi natsuwa.

A kowane gida akwai ruwan da ake zubarwa wanda shuka za ta sha ta gode. Ruwan alwala, in an tara shi a baho. Ruwan da aka wanke shinkafa ko gero ko wake. Ruwan wankin kayan miya. Ruwan ɗauraya na ƙarshe na kwanuka, in babu maiƙo a ciki. Gidan da ke da mutum shida ko bakwai, in aka tara waɗannan, fangali ɗaya ba zai yi ƙishi ba. Sharaɗinsa shi ne a yi amfani da shi a ranar, kada ya kwana biyu a ajiye, domin yakan yi wari ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki. A zuba shi a ƙasa wajen gindi, kada a watsa a kan ganyen da za a ci.

Ruwan wanki mai kumfar Omo da makamantansa, ko wanda aka sa Hypo, ba na lambu ba ne. Gishirin da ke cikinsa yakan taru a ƙasa, za ki ga fari-fari a sama, bakin ganye ya ƙone. Wannan asarar shuka ce kawai. Wanda yake haɗari ga rai shi ne ruwan da ya taɓa kashi: ruwan wankin kayan jariri, ruwan da ke fitowa daga makewayi, da ruwan kwatar unguwa. Na san idan rijiya ta ƙafe, kwata tana gudu a ƙofar gida, sai a ga kamar asara ce a bar ta ta wuce. Wani ma zai ce ai ganye ya fi kyau da ita. Gaskiya ne yana yin kyau, amma a cikin ruwan akwai ƙwayoyin taifot, da kwalara, da atini, da ƙwan tsutsar ciki. Akwai kuma ciwon hanta nau'in E, wanda ke zuwa da shawara. Ga yawancin mutane yakan wuce da kansa, amma ga mai ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe, yana iya kashe mace ɗaya cikin huɗu ko biyar da suka kamu. A ɓarkewar da ya yi a yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar a 2017, mafi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu. Duk mai cikin da idonta ya yi rawaya, a kawo ta asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙen shawara.

Wannan ya shafi ganyen kasuwa ma. A manyan birane akwai lambunan da ake ba ruwan rafin da ya ratso cikin gari, irin na bakin Jakara a Kano. Ba za ki iya ganewa da ido ba. Saboda haka ganyen da ba ki san asalinsa ba, ki dafa shi. Latas da kabejin da ake sayarwa a yanke a bakin titi, ki haƙura da su har ki haihu.

Lokacin ban ruwa shi ne sassafe kafin rana ta yi zafi, ko kuma da yamma bayan la'asar. Na tsakar rana iska kan shanye wani kaso nasa. Ki zuba a hankali har ya shiga ƙasa sosai. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau da yawa yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya aka fasa sai shukar ta kwanta. Kafin ki zuba, ki tura yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. In da danshi, ki bari sai gobe. Kada ganyen da ya yi yaushi da azahar ya tsorata ki, sau da yawa da yamma zai miƙe. Wanda ya kwana a yaushe har safiya shi ne mai ƙishi.

Abin da ya fi komai rage mini shan ruwa shi ne rufe ƙasa. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, ko busasshen ganyen bishiya, kaurinsa kamar faɗin yatsu uku, ki bar ɗan fili a kewayen gindin shukar don kada ya ruɓe. Ƙasar da aka rufe takan kwana biyu da danshi a inda tsirararta za ta bushe kafin azahar. Ki riƙa ɗagawa da sanda kina dubawa saboda gara da kunama.

Sai dabarar tulu. A samu tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da fenti ko siminti ba, a binne shi a tsakiyar fangali har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakin da kasko. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa kai tsaye zuwa saiwa, a shuka abin da ake so a kewaye da shi. Bayan kwana biyu ko uku a sake cikawa. In babu tulu, gorar roba da aka huda da allura a gindi tana yin kusan haka.

In kuwa ruwa ya yanke ƙwarai, har na sha ya zama na saye, to na sha da na girki da na wanke hannu su ne gaba. Ki yanke alayyafon duka ki shanya, ki bar ɗan abin da ya samu ga zogale. Lambu ana sake shi da damina.

Kada ki yi kiwon sauro

Mutane na ɗauka babu sauro da rani. Gidan da ke da lambu yana iya samar wa kansa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 7 zuwa 10 ba. Sauron zazzaɓi da muka saba da shi ya fi son ɗan ruwan da ya kwanta a ƙasa, irin wanda ke taruwa a gindin famfo ko a fangalin da aka cika wa ruwa. Sauron da ke kawo shawara mai zazzaɓi da dengi kuwa a cikin mazubi yake ƙwai: duro, randa, tsohuwar taya, gwangwani. A 2020 an kuma gano wani nau'in sauron zazzaɓi ɗan asalin Asiya a Jihar Gombe, wanda shi ma a cikin tankuna da durorin ajiyar ruwa yake hayayyafa. Ke nan duron lambunki ba abin rainawa ba ne.

A rufe duk mazubin ruwa ruf. Sau ɗaya a mako a juye shi gaba ɗaya, a goge cikinsa, domin ƙwan kan manne a jiki. Ruwan da aka zuba a fangali ya kamata ƙasa ta shanye shi cikin ɗan lokaci. In ya kwana a kwance, ya yi yawa. Murfin yana da wani amfanin kuma: yaro mai rarrafe yana iya nutsewa a bokitin da ruwansa bai kai rabi ba.

Zazzaɓin cizon sauro yana fasa jini, ya rushe duk abin da ganye da ƙwaya suka gina, yana kuma iya ɓoyewa a mabiyiya ba tare da kin ji zafin jiki ba. Ki kwana cikin gidan sauro mai magani ko da ana zafi, ko a tsakar gida kike shimfiɗa. Maganin riga-kafi na SP, wanda aka fi sani da Fansidar, ana fara shi ne bayan ciki ya wuce wata uku, a riƙa sha wata-wata a gaban ma'aikaciya, aƙalla sau uku kafin haihuwa.

Ƙasa, taki da maganin ƙwari

Kada ki shiga lambu ba takalmi. Akwai tsutsar da ke shiga ta fatar ƙafa daga ƙasa mai danshi, ta je hanji ta riƙa shan jini. Ga ƙaya da tsohon ƙarfe, waɗanda ke buɗe wa cutar sandarewar jiki, wato tetanus, hanya, kuma ƙwayarta a cikin ƙasa da taki take zaune. Ki duba katinki. Allurar riga-kafinta guda biyar ce: ta farko ranar da kika fara awo, ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, sauran biyun shekara-shekara. Biyun farko ne ke kare jaririn wannan cikin.

Kyanwa tana son ƙasa mai laushi don yin kashi, kuma fangali ya yi mata daidai. A kashinta akan sami wata ƙwayar cuta mai suna toksoplasma, wadda ke iya daɗewa watanni a ƙasa mai danshi. Uwa ba lallai ta ji komai ba, amma in ta kamu a karon farko tana da ciki, tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri, ko ta jawo ɓari. Ba sai an kori kyanwar ba. A shimfiɗa ƙaya a kan fangali, wani ya kwashe kashin, ke kuma ki sa safar hannu ko leda in za ki taɓa ƙasa, ki wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce kafin ki ci komai. In kuma kin ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana ba ki sha'awar ci, kada ki ji kunya, ki gaya mana. Sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

Takin tumaki da awaki da kaji yana da kyau, amma ba ɗanye ba. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin gudawa. A tara shi a rami, a riƙa ɗan jiƙa shi, ya yi wata uku zuwa huɗu har ya zama baƙi ba wari. Juya taki da share turke ba aikinki ba ne yanzu, haka nan taimaka wa akuya ko tunkiya wajen haihuwa.

Maganin feshi kuwa, magana ɗaya ce: mai ciki ba ta haɗawa, ba ta fesawa, ba ta wanke kayan wanda ya fesa. Fiya-fiya da Sniper guba ne da ke shiga ta fata da numfashi, ba a yi su don ganyen miya ba. Lambu mai girman tabarma ba ya ma buƙatarsu. Tsutsa a tsince ta da safe a ba kaji. Ƙananan ƙwarin nan masu manne wa bayan ganye, a wanke su da ruwa mai ɗan sabulun wanka, ko a barbaɗa toka. Ganye ko 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa suka kwana suna korar ƙwari da dama in an yayyafa da yamma. Na shuka ne, ba na sha ba.

Ga maigida da mutanen gida

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 ta fi yaro ɗan shekara biyar nauyi. Jijiyoyin baya da na ƙugu kan saki lokacin ciki, tsayuwar mace ma takan canza, ga santsi a bakin rijiya. Don Allah, jan guga da ɗaukar jarka da haƙa ƙasa, ku ɗauke mata. Maigida ya cika duro kafin ya fita, yara su cika tulu in sun dawo makaranta. Ita ta yi shuka, ta tsinki ganye, ta ba da ruwa da buta. Wannan motsa jiki ne mai amfani. Wadda aka taɓa yi wa ɗaurin bakin mahaifa, ko take ganin jini, ko aka ce mabiyiyarta ta sauko ƙasa, ko take da hawan jini, ta zauna a inuwa ta ba da umarni kawai.

Ke kuma 'yar'uwa, ki gama abin da za ki yi kafin ƙarfe 9 na safe. Jikin mai ciki ya fi saurin ɗaukar zafi, kuma tsananin zafi da ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar da naƙuda kafin lokaci. Ki sha ruwa kofi 8 zuwa 12 a rana. Fitsarinki ne zai gaya miki: in ya yi ja ya ragu, ba ki sha isasshe ba. In za ki ɗauki abu a ƙasa ki tsuguna, kada ki sunkuya, in za ki tashi ki tashi a hankali.

Akwai kuskuren da ke tayar mini da hankali kowace bazara. Mace ta yi ciwon kai mai tsanani, a ce rana ce ta buge ta a lambu, a ba ta Panadol ta kwanta. Washegari a kawo ta tana jijjiga. Ciwon kan rana yakan sauka in an sha ruwa an huta a inuwa. Wanda ya ƙi sauka, ko ya zo da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko ciwo a saman ciki, alamar hawan jinin masu ciki ne, kuma ba ya jiran gari ya waye. Haka nan zubar jini, fashewar ruwa, zazzaɓi, ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko raguwar motsin jariri. Ku taho da ita ko da tsakar dare ne, da katinta a hannu.

Daga fangali zuwa tukunya

Ki tsinki ganye da safe. Ki wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba, domin amfanin yakan bi ruwan. Ki sa shi a ƙarshen girki, ki rufe tukunya, 'yan mintoci sun isa. In kin tafasa zogale ko rama don kwaɗo, ki sa ruwa kaɗan yadda ba sai an tsiyaye da yawa ba. Kanwar da ake jefawa don ganye ya yi laushi ya yi kore tana kashe bitamin, ki rage ta. Ɗan mai ko ƙuli-ƙuli kuwa yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A, saboda haka kwaɗon da iyayenmu ke yi daidai yake. Ganyen zogale abinci ne, amma saiwarsa da ɓawonsa ba na mai ciki ba ne, kada wani ya jiƙa miki.

In ganye ya yi yawa, akwai hanyar ajiye shi kwana da kwanaki ba tare da firji ba. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Busasshiyar iskar rani ce ma ta fi sa ta yin sanyi.

Wanda za a shanya kuwa, a shanya shi a inuwa, domin rana tana cinye bitamin A ɗinsa. A ɗora a kan faifai a wuri mai tsayi, a rufe da yadi mai shara-shara, kada a baza a ƙasa. Rani ne lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa, ta hanyar fitsari da kashin ɓera a kan abinci, kuma yana da muni ƙwarai ga mai tsohon ciki da abin da ke cikinta. In ya bushe ƙarau, a zuba a mazubi mai murfi. Cokali biyu na garin zogale a cikin miyar kuka ko fate zai yi miki amfani a watan Mayu, zai kuma yi miki a lokacin jego.

Ranar awonki mai zuwa ki tambayi ma'aikaciya nawa jininki yake, ki sa ta rubuta miki a kati, don mu gwada shi da na wata mai zuwa. Allah ya sauke ki lafiya.